Shafin Intanet Don Talaka, Ba Don Ado Ba

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, da yawa daga cikinmu sun soma koyon gina shafin intanet da HTML, harshen alamomin da Tim Berners-Lee ya bayyana a 1991. Abin takaici, ado muke sa wa gaba, mu bar ma'ana a baya.

Mu ƙaddara shafin na gargaɗin ambaliyar Kogin Haɗeja ne ga mutanen Guri. Masunci zai buɗe shi a ƙaramar waya, makaho kuwa manhaja ce za ta karanta masa. Ita manhajar ba ta ganin launi ko girman rubutu, alama kaɗai take bi. Saboda haka lalle ne kan magana ya sami h1, jerin ƙauyuka ya sami ul, kowane hoto a bayyana shi cikin alt. A rubuta lang="ha", a zaɓi UTF-8, kada ƙ, ɗ da ɓ su rikiɗe su zama shirme.

Tun ran gini tun ran zane. Da dukiyar talakawa aka ilmantar da mu. Shafin da ya gagare su karantawa cin amana ne.