Ba yawan masu saurare ba ne ma'aunin waƙa

'Yan uwa ɗalibai, mun saba auna mawaƙi da yawan mabiyansa a YouTube. Ni dai ban yarda da wannan ma'auni ba, kuma hujjata ita ce The Go-Betweens.

Ɗalibai biyu ne a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, Robert Forster da Grant McLennan, suka kafa ƙungiyar a birnin Brisbane a 1977. Sun koma Landan neman kasuwa, masana waƙa suka yi ta yabonsu, amma ciniki bai taɓa kankama ba. A 1989 suka watse, suka sake haɗuwa a 2000, McLennan ya rasu a 2006. Sai a 2010 aka buɗe gadar da aka raɗa wa sunansu a garinsu.

Ku nemi "Cattle and Cane" ta 1983. McLennan yana Landan ya rubuta ta, yana tuna yarintarsa a karkarar shanu da rake. Duk wanda karatu ya raba da gida, wallahi zai gane wannan kewar.

Ku saurara sau uku kafin ku yanke hukunci, sannan ku ƙara da faifansu na 1988, "16 Lovers Lane".