Taurari Huɗu a Tuta, Tsibirai Uku a Hannu

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya dubi tutar ƙasar Komoros zai ga taurari huɗu, kowanne a madadin tsibiri guda: Ngazija, Nzuwani, Mwali da Mayot. Amma gwamnatin Moroni uku kawai take mulka. Na huɗun yana hannun Faransa, kuma ni a ganina wannan ƙwace ne tsagwaronsa, ko da wane suna aka lulluɓe shi.

Bari mu bi tarihin daki-daki. A 1841 Faransa ta sayi Mayot daga hannun Sarki Andriantsoly. A 1886 ta shimfiɗa ikonta a kan sauran ukun, a 1912 ta jingina su duka da Madagaska, a 1946 kuma ta mai da su yanki guda mai gwamnati guda. To, ita da kanta ta ɗaure tsintsiyar nan. Ran 22 ga Disamba 1974 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, wajen kashi 95 cikin ɗari suka zaɓi 'yanci, amma a Mayot kamar kashi 63 suka ce a'a. Da majalisar Faransa ta ga haka, sai a Yuli 1975 ta kafa doka cewa tsibiri-tsibiri za a amince da tsarin mulki. Ashe ana sake dokar kokawa bayan an yi kaye? Ahmed Abdallah ya shelanta 'yanci ran 6 ga Yuli, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Komoros a kan tsibirai huɗu ce, amma a 1976 Faransa ta hau kujerar na-ƙi. A 2011 Mayot ta zama lardin Faransa na 101.

Na san za a ce mini ai a 1961 ma dabam-dabam aka ƙidaya ƙuri'un Kamaru ta Ingilishi, Arewa ta shigo Nijeriya ta zama Lardin Sardauna, Kudu ta bi Kamaru. Haka ne, amma can Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsara rabon tun kafin a jefa ƙuri'a ko guda. A Komoros kuwa mai mulkin mallaka ne ya zama alƙali a shari'ar da shi ne mai ƙara.

Ban ce mutanen Mayot ba su da kuka ba. Hedkwata a wurinsu take, a Zawuzi, har aka yanke shawarar ɗauke ta zuwa Moroni a 1958, ayyuka da albashi suka bi ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shugabannin Moroni kuwa ba su daina tsaga bangon ba. A 1997 Nzuwani da Mwali suka ɓalle saboda wariya. Tsarin mulkin 2001 ya ɗinke ɓarakar, ya ba kowane tsibiri gwamnatinsa, shugabancin ƙasa kuma karɓa-karɓa. Sai ga Azali Assoumani a 2018 ya sake tsarin don ya zarce, Nzuwani da ke jiran 2021 ta tashi a tutar babu. Da wane baki mai yin haka zai kira Mayot ta dawo gida?

Wanda ke shan wuyar kuwa talaka ne. Tun 1995 aka ce ɗan Nzuwani sai da biza zai shiga Mayot, tafiyar kilomita 70, inda danginsa suke, addini ɗaya, harshe kusan ɗaya. Jama'a suka koma ratsa teku da dare cikin ƙananan jiragen ruwa da ake kira kwasa-kwasa. Rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta mutum 7,000 zuwa 10,000 sun halaka a hanyar. Assha!

Don haka abu biyu nake kira a yi. Faransa ta soke bizar nan, ta zauna a tattauna makomar Mayot. Moroni kuma ta mayar wa tsibiranta haƙƙin da ta yi musu alkawari a 2001, domin ba a kiran ɗan'uwa gidan da mazaunansa ke neman ƙofar fita.