Kyautar magani ga yara: a biya bashin likita, kar a kashe tsarin

Damina ta yi nisa, sauro ya yi yawa, kuma duk wanda ya leƙa likitar unguwarsu kwanan nan ya ga layin uwaye da goyo tun da asuba. A daidai wannan lokaci ne muke jin wata magana tana yawo a fada da majalisun shayi: wai kyautar magani yaudara ce, gara a soke ta kowa ya biya kuɗinsa a huta. Mu dai ba mu yarda ba, kuma ga dalilinmu.

Mu tuna inda muka fito. A ƙarƙashin tsarin da aka gada daga shirin Bamako na 1987, sai ka biya kafin a duba ka. Yaro ya kwana da masassara, uwa ta jira ranar kasuwa maigida ya saida akuya ko ƴan tiyoyin hatsi. Kafin kuɗi su zo, jinin yaron ya ƙare. A zamanin shugaba Tandja Mamadou ne aka sauya: a 2005 fiɗar haihuwa ta zama kyauta, a 2006 aka ƙara da kulawar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ke rasuwa kafin su cika shekara 5. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Gidajen sauro da rigakafi da ƙananan likitocin ƙauye sun taimaka, amma cire kuɗin bakin ƙofa yana cikin abin da ya sa uwaye suka daina ɓoye yara a ɗaki.

To, masu ƙorafi ƙarya suke? A'a, wallahi suna da hujja. Mu ma mun kai yaro, an duba shi ba a karɓi ko dala ba, sannan aka miƙo mana ordonansi aka ce magani ya ƙare, a je farmasi. Jika uku, jika biyar. Wanda ba shi da su sai ya nufi mai tallar magani a kan tire, wanda rana ta gasa kayansa.

Amma mu tambayi kanmu me ya sa maganin ke ƙarewa. Likita na duba yaro kyauta, ta cika takardu, ta aika gwamnati ta biya ta. In kuɗin suka yi wata da watanni ba su sauko ba, da me za ta sake sayen magani? Shekara da shekaru wannan bashi yana taruwa, sai ma'aikacin da ke gabanmu ya sha zagi alhali ba shi ya riƙe kuɗin ba. Ciwon yana wajen biyan bashi. Soke kyautar ba zai cika kantar magani ba, zai dai maida talaka gida da yaronsa a kafaɗa. Mai albashi yana da kilinik mai zaman kansa, matar manomi a ƙauyen Dakoro ko Magarya ba ta da wata ƙofa.

A 2024 hukumomi sun rage kuɗin jinya da rabi a likitocin gwamnati, sun maida haihuwa kyauta. Mun yaba. Amma duk ragin da ba a biyo shi da kuɗi ba, ordonansi zai koma. Don haka muna kira: a biya likitoci kan lokaci. A liƙa jerin abin da ke kyauta a ƙofar kowace likita, a kuma karanta shi a rediyon gari da Hausa, don kar a cuci wanda bai iya karatu ba. A tuna alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, wanda har yanzu muke jiran cikarsa.

Mu ma da namu laifin. Mu daina rage wa yaro shekaru don ya ci kyauta, mu daina jira sai ya galabaita, kuma mu riƙa zuwa taron kwamitin kula da likitarmu muna tambayar lissafi.

A unguwarku fa, ana samun maganin? Ku faɗa mana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.