"Albarka": Ladabin da Rumfar Baje Koli ke Neman Mantawa

A harabar gidan adana kayan tarihi da ke kan titin Ali Akilu a Unguwar Sarki, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC, akwai masu sana'ar hannu da ke aiki suna sayarwa a wuri guda. Ciniki a irin wannan wuri ba ya farawa da farashi, da gaisuwa yake farawa. Idan mai saye ya yi tayin da bai kai ba, ba a ɓata fuska, sai a ce masa "albarka". Kalma ce ta ƙin amincewa, amma an naɗe ta cikin addu'a, don mai kaya ya san gobe ma yana nan, kuma wanda bai saya yau ba yana iya dawowa da baƙo.

Kilomitoci kaɗan daga nan, a kan hanyar Zariya, akwai filin kasuwar baje koli ta duniya da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna, wato KADCCIMA, ke shiryawa shekara-shekara fiye da shekara 40. Kasuwa ce ta kimanin kwana 10, kuma a gajeren wa'adin nan matsalar duk wata kasuwar baje koli take, a Kaduna ko Kano ko wani gari. Ɗan kasuwar da ya san nan da mako guda zai naɗe kayansa ya tafi yana iya raya wa kansa cewa shi da mai saye sun rabu ke nan. Idan wannan tunani ya zauna, ladabi ne farkon abin da ke zubewa.

Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai auna mutum da tufafinsa: mai babbar riga a miƙe masa tsaye, ɗalibi mai silifa a amsa masa ido na kan waya. Akwai farashin fuska, inda kaya ɗaya ke da kuɗi uku gwargwadon wanda ya tambaya. Akwai jabu da ake rantsuwa a kansa, kamar rigar ƙwallon wata ƙungiyar Turai da za a ce ta ainihi ce alhali mai rumfa ya san inda aka ɗinka ta. Sai kuma 'yar takardar nan da ke cewa kayan da aka saya ba a mayar da shi.

Wata kasuwa mai nisa tana nuna abin da ake asara. A Amurka akwai masu tara katunan hotunan 'yan wasa, suna da tarukan baje koli na musamman, mafi girmansu ana yin sa tun 1980. A watan Agustan 2022 an yi gwanjon katin ɗan wasa Mickey Mantle na 1952 kan dala miliyan 12.6. Wanda ya sayar da shi ya saye shi ne a 1991 kan dala 50,000 daga hannun wani dillali. Guntun kwali ne da bai cika tafin hannu ba. Abin da ya ba shi wannan daraja shi ne an san hannayen da ya bi, kuma masana masu zaman kansu sun duba shi sun tabbatar da ingancinsa. A wannan sana'a dillalin da aka kama ya gyara kati ya ɓoye, sunansa ya ɓaci a sauran tarukan. Amana ce jarin, ba kwalin ba.

Bahaushe ba baƙon wannan darasi ba ne. Masanin nan Abner Cohen, a littafin da ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo da ke Ibadan, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi, ba tare da takardar yarjejeniya ba, bisa lamunin maigida wanda ke saukar da fatake. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne ke biyan mai shanu, don sunansa ya fi masa kuɗin. Fataucin goro da ya haɗa Kano da Gwanja shi ma kan irin wannan amana ya ginu. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai ya haramta algus da ɓoye aibin kaya, ya hana tayin ƙarya don a tsawwala wa wani, ya kuma ba mai saye zaɓin mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta bayyana farashi, ta kuma ba da damar mayar da kaya mai lahani. Al'ada da addini da doka bakinsu ɗaya a nan.

Mai rumfa shi ma yana da hanzarinsa, kuma adalci ne a ji shi. Ya biya kuɗin rumfa da na mota da na masauki kafin ya sayar da ko allura. Yakan wuni yana amsa wa 'yan kallo, wasu su dagula masa kaya su wuce, wasu su yi tayin wulaƙanci, ga masu ɗan hali a cikin cunkoso. Mai saye ma ladabi na kansa: ya yi sallama, ya nemi izini kafin ya taɓa, kada ya taya abin da ba shi da niyyar saye. Sai dai gajiya uzurin ɗaure fuska ce, ba uzurin ƙarya ba. Kuma lissafin "mun rabu ke nan" ya daina aiki, domin wanda aka cuta da safe, kafin la'asar labarin ya zagaya WhatsApp da Facebook tare da hoton rumfar.

Tunda kasuwar kwana 10 ba ta da maigida irin na Sabo, masu shirya ta ne ya kamata su hau wannan kujera. Su sanya sharaɗi a takardar kama rumfa cewa kowane kaya ya ɗauki farashinsa a rubuce, kowane rasit ya ɗauki adireshin dindindin na mai kaya. A kafa teburin koke a wurin da kowa zai gani, a warware ƙorafi kafin a tashi kasuwa, wanda aka tabbatar ya sayar da jabu da sunan na ainihi a hana shi rumfa baɗi. Wannan ba takura wa 'yan kasuwa ba ne, kariya ce ga masu gaskiyarsu, waɗanda su ne ke biyan bashin sunan da wasu suka ɓata.

Ɗalibin da aka amsa wa ido na kan waya, shi ne jami'in sayen kaya na wani kamfani nan da shekara 10. Zai iya manta farashin da aka gaya masa, amma ba zai manta wanda ya ɗago kai ya ce masa "albarka" ba.