Ina takardar NIN ɗinmu take kwana?

Shekarar da muka gama sakandare, mun kai takardun NIN wani shagon kwamfuta a Kwanar Dangora domin a yi mana kwafi. Bayan wata biyu sai ga kwafin wani abokinmu an naɗo ƙosai a ciki, hotonsa da lambarsa duk sun jiƙe da mai. Ranar mun sha dariya. Sai da muka shiga jami'a muka gane cewa da wannan lambar ɓarawo zai iya yin rajistar layin waya da sunansa.

Ƙannenmu, akwai doka a kan wannan. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, hukumar NDPC ce ke kula da ita. Muna da ikon tambayar kamfani abin da ya ajiye a kanmu, mu sa ya gyara kuskure, mu nemi ya goge. Wanda bai kai shekara 18 ba, kamar yawancinku, sai da yardar iyaye ko mariƙi. Idan kuma aka sace bayanan, awa 72 kamfanin ke da ita ya sanar da hukumar.

To amma gogewar ba ta da sauƙi. Lambar wayarmu tana wajen masu rajista, ta je wajen masu talla, wataƙila ta tsallaka wani kamfanin. Ta ina za a fara?

Nan masu kwamfuta suka ɗauko dabarar kakanninmu. Tsohuwa a Bebeji, ka ambaci mutum ɗaya, za ta jero maka wanda ya haife shi, wadda ya aura a Kiru, da ƴarsa da ke Doguwa. Akwai rumbun bayanai irin su Neo4j da ke aiki haka: kowane mutum ɗigo ne, kowace alaƙa zare. Ja zaren sunanmu, sai duk inda bayananmu suka shiga ya fito, har da wanda ya ba da izini da ranar. Abin da ke ba mu tsoro shi ne, da irin wannan zaren manhajojin bashi ke bin lambobin wayar mutum suna kunyata shi wajen dangi.

Mai shago a Tudun Wada ba shi da Neo4j, kwandon shara gare shi. Mu dai yanzu ko kwafin da ya lalace sai mun karɓe, mu tsaya a goge hotonmu daga kwamfutar kafin mu biya.