Shin biyan manoma kuɗi don su kare gona da fadama zai yi aiki a Jigawa?

Da an gama girbin gero da dawa a ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, sai hankalin magidanta ya koma fadama. Can ake noman tumatir da albasa da tattasai, can makiyayi ke shayar da dabbobinsa, can kuma ake haƙar ƙasar bulo.

Yayin da gonakin tudu ke ƙara gajiya, jama'a kuma na ƙaruwa, nauyin da ke kan fadamun sai daɗa yawa yake yi. Wannan ne ya sa ya dace a duba wata dabara da wasu ƙasashe suka daɗe suna amfani da ita, wato gwamnati ta riƙa biyan mai gona kuɗi domin ya kare ƙasarsa.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Amurka, tun 1985 gwamnati ke ƙulla yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15 da manoma. Manomi zai daina noma filin da zaizaya ke ci, ya shuka ciyawa ko itatuwa, a riƙa biyansa kuɗin haya duk shekara. A 1990 aka ƙara da wani shiri na farfaɗo da fadamu.

Ita kuwa Sin, a 1999 ta fara bai wa manoma hatsi da kuɗi domin su mayar da gonakin gangaren tsaunuka daji.

Hujjar ita ce amfanin fadama ba ya tsayawa ga mai ita. Tana riƙe ruwan damina ta rage ƙarfin ambaliya, tana kuma ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyi ke dogara da shi. Tunda kowa na amfana, bai kamata mutum ɗaya ya ɗauki asarar kare ta ba.

Jigawa ta san wannan darasi. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, daga baya kuma kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da ya isa fadamar ya fi kawo riba a kan wanda aka tare domin ban-ruwa a sama.

Abin da ake da shi a ƙasa

A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Jigawa na kuma cikin jihohi 11 na shirin Great Green Wall mai yaƙi da kwararowar hamada.

Sai dai waɗannan shirye-shirye sun fi karkata ga dashen itatuwa da gyaran magudanan ruwa da ba ƙungiyoyin manoma rance. Shi kuwa shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990, rijiyoyi da injinan ban-ruwa ya yaɗa domin a ƙara noma fadamun. Ke nan manomi ya shafe shekara 30 ana ce masa ya shiga fadama. Duk wanda zai ce masa ya ja da baya, sai ya zo da abin da ya fi kuɗin albasa.

Wa za a biya?

Nan ne gizo ke saƙa. Manomin Amurka na da ɗaruruwan eka, zai iya hutar da wani yanki bai ji a jikinsa ba. Manomin Gwiwa ko Roni kuwa, 'yar gonar da ya gada ita ce rumbunsa. Idan ya bar ta ya jira kuɗin gwamnati, kuɗin kuma suka makara, gidansa ne zai kwana da yunwa.

Sai batun mallaka. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka a karkara, amma yawancin gonaki ba su da takarda. Shaidarsu dagaci ne da maƙwabta. Ga kuma aro da haya da jingina da gonar gado da ba a raba ba.

Idan aka ce mai takarda kaɗai za a biya, mai kuɗin da ya sayi gona yana zaune a birni ne zai karɓa, wataƙila ma ya kori wanda ke noma ta. Makiyayin da ke bin burtali zuwa mashaya ba zai ga ko sisi ba, alhali da shi ake amfani da fadamar.

Darasi daga tsallaken iyaka

Amsar ba ta da nisa da Ɓaɓura. A jihohin Damagaram da Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da ake kira sassabin zamani: idan ana sharar gona ba a sare tohon kututture, sai a zaɓi mai ƙarfi a rene shi. An ƙiyasta cewa hakan ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Gawo ne kan gaba a yankin Magarya, domin yana zubar da ganye da damina, ya zama taki, ba ya kuma yi wa gero inuwa. Ba kuɗin haya ba ne ya jawo wannan nasara. Manoma sun samu tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne.

Hanyar da ta fi dacewa

Idan za a gwada biya a arewa maso yammacin Jigawa, ya fi kyau a ɗora shi a kan abin da aka raya, ba a kan gonar da aka bari ba. A ƙirga itatuwan da suka tsallake rani, a biya wanda ya kula da su, ko mai gona ne ko ɗan aro.

Fadama da burtali da mashaya kuwa na jama'a ne, don haka ladan kare su ya kamata ya tafi ga gari, bisa yarjejeniyar da manoma da makiyaya da masu unguwanni suka amince da ita, a kuma kafe sunayen waɗanda aka biya a fili.

Sannan itace ba ya girma a cikin wa'adin gwamnati ɗaya. Duk alƙawarin da ba a sa shi a doka da kasafin kuɗi na shekaru ba, ranar da biya ya tsaya, ranar gatari zai dawo.