Sayen Tsohuwar Mota: Giyar Hannu Ko Otomatik?

Hausawa na cewa tsohuwar zuma da ita ake magani. Wataƙila wannan ne ya sa har gobe ba a rasa masu neman tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da Mercedes-Benz na shekarun 1970 da 1980, su gyara, su yi musu fenti, su riƙa hawa ranar Juma'a ko ranar biki. Ita 504, wadda muke kira Fijo, ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, kuma a wannan shekara ce aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, inda aka ci gaba da yin ta har zuwa 2006, shekaru da yawa bayan an daina ta a ƙasar haihuwarta.

Duk wanda ya yi niyyar sayen irin wannan mota zai haɗu da tambaya guda: ya ɗauki mai giyar hannu ne, ko kuwa mai canja giya da kanta, wato otomatik? Ra'ayina shi ne, ga motar da ta haura shekara talatin, wadda kuma za ta zauna a ƙasa mai zafi irin tamu, giyar hannu ta fi. Ba don nuna gwanintar tuƙi na faɗi haka ba. Hujjar tana cikin darasin fiziks da ɗalibai ke karantawa a aji.

Me Ya Sa Mota Ke Buƙatar Giya?

Kewayen tayar mota irin 504 ya kai kimanin mita 2. Idan tana gudun kilomita 100 a awa, tayar na juyawa sau 830 ko kusa da haka a minti ɗaya. Idan kuwa tana tafiyar ƙafa, wato kilomita 5 a awa, juyin bai wuce sau 42 ba. Shi kuma injin fetur, ko yana tsaye ba a taka totur ba, yana juyi kusan sau 800 a minti, in aka matsa masa ya yi ƙasa da haka sosai sai ya mutu. Ke nan ba zai yiwu a haɗa inji da taya kai tsaye ba. Dole a sami wani abu a tsakani da zai rage saurin juyi, ya ƙara ƙarfin murɗawa.

Wannan shi ne aikin giyabos. Alal misali, idan ƙaramin faifai mai haƙora 15 yana juya babba mai haƙora 45, sai ƙaramin ya zagaya sau uku kafin babban ya zagaya sau ɗaya. Gudu ya ragu zuwa sulusi, ƙarfin murɗawa kuwa ya ninka sau uku. Giya ba ta ƙirƙiro ƙarfi daga babu, musaya kawai take yi tsakanin gudu da ƙarfi. Duk yaron da ya taɓa hawan keke mai giya a kan tudu ya san wannan da ƙafarsa kafin ya san shi a littafi.

Yadda Kowace Ke Aiki

A mota mai giyar hannu, kuloci ne ke haɗa inji da giyabos. Faifai ne mai kaushi da ake matse shi a jikin wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji. Idan direba ya taka kuloci sai su rabu, ya canja giya, ya saki, su sake haɗewa. Da zarar sun haɗe sun zama abu ɗaya, babu zamewa, don haka fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ya shiga giyabos yana fita ta ɗaya ɓangaren. Tun 1928 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da zobban da ke daidaita gudun haƙora kafin su shiga juna, abin da ya rage ƙarar nan mai kama da niƙa da ake ji in an sa giya ba daidai ba.

Ita otomatik hanyarta daban ce. Kamfanin General Motors ne ya fara sayar da ita da yawa, da sunan Hydra-Matic, a motocin Oldsmobile na 1940. A madadin kuloci akwai wani rufaffen kasko cike da mai, wanda makanikai ke kira konbata. Asalin dabarar ta wani injiniya Bajamushe ce, Hermann Föttinger, wanda ya ƙirƙiro ta a 1905 domin jiragen ruwa. Mai karatu ya ɗauki fanka biyu ya sa su fuskanci juna, ya kunna ɗaya. Iskar da ta kunnu ke hurawa za ta juya ta biyun, alhali ba su taɓa juna ba. Haka konbata take, sai dai mai ne ke yin aikin iska. Bayanta akwai jerin giya masu tsari irin na rana da taurarin da ke kewaye ta, da ƙananan kuloci da ɗamaru waɗanda matsin mai ke kamawa yana saki. Wani famfo da inji ke juyawa shi ke samar da matsin.

Dabara ce mai ban sha'awa ƙwarai, amma tana da farashi. Fanka ta biyu ba ta taɓa cim ma ta farko. A ce inji yana juyi sau 3,000 a minti, ɓangaren da man ke turawa yana yin 2,850. Wannan kashi 5 cikin 100 da ya ɓace bai tafi ko'ina ba, domin makamashi ba ya salwanta, zafi ya koma a cikin man. A cikin cunkoso ko hawan tudu, zamewar ta fi haka nesa ba kusa ba.

Hujjoji Huɗu

Hujja ta farko ita ce fetur. Yawancin otomatik na wancan zamani giya uku gare su, kamar ta kamfanin ZF na Jamus da aka sa wa wasu 504, kuma ba su da kullen da ke haɗe ɓangarorin konbata biyu a kan doguwar hanya. Sai a 1978 Chrysler ya dawo da wannan kulle, sauran kamfanoni suka biyo baya a hankali. Ita kuwa giyar hannu ta 504 huɗu ce, daga baya aka yi mai biyar. Saboda haka tsohuwar otomatik ta fi 'yar'uwarta shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga aljihun malamin makaranta.

Ta biyu ita ce zafi. Man otomatik yana aiki uku a lokaci guda: yana ɗaukar ƙarfin inji, yana hana ƙarafa cin juna, yana kuma kama giya. Zafi ne babban makashinsa. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, motar da lagiretonta ya toshe da tsatsar shekara arba'in ba za ta iya sanyaya man yadda ya kamata ba. Idan man ya ƙone, robobin da ke riƙe matsi su bushe, sai giya ta fara zamewa, zamewar kuma ta ƙara zafi.

Ta uku ita ce gyara. Mafi yawan 504 da suka bi hanyoyinmu masu giyar hannu ne, don haka da wuya ka shiga garejin da babu wanda ya taɓa sauke giyabos ɗinta ya canja faifan kuloci. Tsohuwar otomatik kuwa tana da ƙananan hanyoyin mai da bawul masu yawa, waɗanda ƙwayar yashi ɗaya ke iya toshewa. Gyaranta na buƙatar tsabta da ma'aunin matsi da kayan gyara na ainihi, waɗanda samunsu ke ƙara wuya kowace shekara.

Ta huɗu ita ce ranar tsautsayi. Idan batir ya yi sanyi a ƙauye, mai giyar hannu zai sa giya ta biyu, yara su tura, ya saki kuloci, mota ta tashi. Yawancin otomatik ba sa tashi da turi, domin in inji bai juya ba famfo ba ya ba da matsi, babu abin da zai haɗa taya da inji. Saboda wannan dalili ne ma jan su da igiya zuwa nesa ke lalata giyabos, sai dai in an kwance farfela.

Inda Otomatik Ta Yi Fice

Adalci ya wajaba. Wannan hukunci na tsofaffin motoci ne, bai hau kan na yau ba. Otomatik ta zamani tana da kulle, kwamfuta ke sarrafa ta, kuma giyarta ta kai takwas, tara, har goma. ZF ya fito da mai takwas tun 2008. Da yawa daga cikinsu sun kamo giyar hannu wajen tattalin mai, wasu ma sun wuce ta. Kuskure ne a ɗauki laifin kaka a ɗora wa jika.

Ko a cikin tsofaffin ma akwai na ƙwarai. Mercedes-Benz samfurin W123, da aka yi daga 1976 zuwa 1986, otomatik ɗinta mai giya huɗu ta yi suna wajen juriya in ana canja mata mai a kan kari. Har ila yau, wanda ke da lalura a ƙafar hagu, ko dattijon da gwiwa ta fara damu, ko mai shiga cunkoson Legas kullum, yana da hujja mai ƙarfi ta zaɓen otomatik. Lafiyar mutum ta fi lita biyu ta fetur. Sharaɗin kawai shi ne ya san makaniken da zai kula masa da ita kafin ya saya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin A Biya Kuɗi

Gani ya kori ji, saboda haka kada a dogara da bakin dillali. In mai giyar hannu ce, a ja birkin hannu, a sa giya ta huɗu, a saki kuloci sannu a hankali. Idan inji ya mutu, kuloci na da rai. Idan ya ci gaba da juyi, faifan ya cinye. A tuƙa ta, a ji ko tana ƙara wajen shiga ta biyu, ko tana fitar da giya da kanta in an ɗaga ƙafa daga totur. In otomatik ce, a zaro sandar awon mai a goga a farin ƙyalle. Lafiyayyen mai ja ne garau. Wanda ya yi duhu yana warin ƙuna shaida ne cewa ciki ya ci wuta. A lura kuma ko tana jinkiri kafin ta kama giyar gaba ko ta baya. Sannan a leƙa ƙarƙashi a duba tsatsa, a gwada lambar inji da ta jikin mota da abin da ke cikin takardu. Giyabos ana canja shi, amma motar da ƙashinta ya ruɓe ko takardunta ke da matsala asara ce kawai. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Kammalawa

A taƙaice, mai neman tsohuwar mota ya fara da mai giyar hannu, kada ya bar ta sai da dalili na lafiya ko na hanya. Ga malaman kimiyya kuwa akwai wata riba. Mataccen giyabos da aka yar a bayan gareji ba shi da tsada. A saye shi, a wanke, a buɗe a gaban ɗalibai, su ƙirga haƙora da hannunsu, su lissafa ninkin kowace giya, su juya sandar su ga ko lissafin ya yi daidai. Ɗalibin da ya yi wannan sau ɗaya ba zai manta da dangantakar gudu da ƙarfi ba, kuma ranar da mahaifinsa zai sayi mota, yana da abin faɗa wanda ya fi na dillali.